Farin da Na Gyara wa Ƙudan Zuma

Ni ba mai yawan magana ba ne. Rubutu kuwa, aji huɗu na yi na ajiye fensir na ɗauki buroshi. Abin da ya zaunar da ni rubuta wannan shi ne Tela. Kullum yana ba da labarin nan a bakin shagonsa, kullum kuma sai ya ƙara masa hannu da aljihu. Jiya na ji yana cewa har suma na yi. Ban suma ba. Zama na yi a cikin kwata. Ga yadda aka yi.

Shekara arba'in da ɗaya na yi ina fenti. A layinmu Sikeli ake ce mini, domin na taɓa faɗa a teburin Mai shayi cewa idona sikeli ne, ba ya kuskuren launi. Na kuma sha gaya musu cewa fari kala tara ne, duk na san su: farin madara, farin ƙashi, farin gishiri, farin auduga, da sauransu. Ba wanda ya taɓa tsayawa na kai na taran, amma suna nan.

Auta ita ce 'yata ta ƙarshe. Tana shekararta ta ƙarshe a jami'a, tana karantar yadda dabbobi ke ganin launi. Ranar da ta gaya mini haka na ce mata da ta tambaye ni tun farko da ta huta da shiga mota.

Wata rana ta zo da akwatin ƙudan zuma ta girke shi a bayan gida, gindin lemo. Ta kawo tebur, ta jera alluna shida na katako a kai, kowanne bai fi tafin hannu biyu ba.

"Baba, wane launi ne waɗannan?"

"Fari," na ce. "Farin banza kuma. Wa ya shafa miki? Da tsumma ya yi aikin?"

"Duk iri ɗaya ne?"

"Iri ɗaya."

"A idonka ke nan. A idon ƙudan zuma biyar ne iri ɗaya, guda ya fita daban, kamar yadda kore ya fita daban da fari a wurinka."

Ta ce wai a cikin hasken rana akwai wani haske da idon mutum ba ya kamawa, amma ƙudan zuma yana ganinsa sarai. Biyar daga cikin allunan suna mayar da wannan hasken, ɗayan yana shanye shi, kamar yadda fararen furanni ke yi. Ta ci gaba: "Ja kuwa, Baba, ba sa ganinsa yadda muke ganinsa, a wurinsu..." Ban ji ƙarshen ba. Hankalina yana kan wani gashin buroshi da ya maƙale a gefen allo na uku.

Sati shida ta yi tana koya musu. Kowace safiya takan ɗora murfin kwalba a kan kowane allo. Na allon da ya fita daban ta zuba masa ruwan sukari, sauran ta zuba musu ruwa zalla, sannan ta sassauya musu wuri don kada ƙudan su haddace gurbi. Har ta kama guda goma sha biyu ta ɗiga wa kowanne ɗigon fenti ruwan ɗorawa a gadon baya don ta riƙa gane su. Aikin fenti ana yin sa a cikin gidana, ba a ko neme ni ba. Na lura dai ɗigon bai daidaita ba.

Ranar Litinin ta shirya tafiya makaranta, za ta karɓo wata kyamara mai nuna duniya yadda ƙudan zuma ke ganinta. Asabar za ta dawo tare da malamarta, Farfesa, wadda za ta tsaya da kanta ta ga ko ƙudan suna zaɓen allon da aka koya musu. In sun zaɓa, Auta ta gama karatu. In ba su zaɓa ba, ta maimaita shekara.

Ta juya allo ɗaya ta nuna mini bayansa. "Ga baƙar alama nan, Baba. Mai alamar shi ne mai sukari. Ka zuba, ka sauya musu wuri, shi ke nan. Don Allah kada ka taɓa komai."

Uwarta tana tsaye da bokitin wanki ta ce, "Ki bar mini aikin nan, Auta. Babanki hannunsa ba ya zama."

"Murfin kwalba shida ne zai gagare ni?" na ce. "Ni da na yi wa asibiti hawa uku fenti ni kaɗai?"

"Hawa biyu ne, Malam. Kuma ku huɗu ne."

Auta ta tafi.

Washegari na je teburin Mai shayi, na ce a zuba mini mai kauri, domin ranar Asabar Farfesa guda za ta zo gidana ganin aiki. Mai aski ya ce ma sha Allah. Tela ya gama tsoma burodinsa tukuna. Tare muka taso da Tela, kuma tun muna yara bakinsa ya fi allurarsa tsini.

"Na leƙa ta katanga na ga allunan," ya ce. "Kai ka shafa su?"

"Allah ya kiyaye."

"To wa zai gaya wa Farfesa haka? Za ta shigo gidan Sikeli, ta ga fenti kamar akuya ta lashe, ta koma jami'a ta ba da labari. Mai fari tara, 'yarsa ta fita waje neman fari."

Shayin nan bai wuce mini ba.

Da hantsi matata ta tafi kasuwa. Na shiga ɗakin ajiya na fito da farin fentina na ruwa, mai kyau, wanda ba ya wari kuma yana bushewa kafin mutum ya wanke hannu. Na goge allunan da sanfefa. Na yi musu shafi biyu. Na bi gefuna. Sannan na juya su na yi bayan, domin ni a rayuwata ban taɓa barin bayan ƙofa ba fenti ba, ba kuma a kan 'yata zan fara ba.

Da suka bushe na jera su. Wallahi sun yi kyau. Na ɗauko ruwan sukari, na juya allo na farko in duba alama. Fari tas. Na juya na biyu. Fari tas.

Ina juya na shida matata ta shigo.

"Malam, ina alamar?"

"Tana nan."

"Ina?"

"A ƙarƙashin fenti. Lafiyarta ƙalau."

Ta ajiye kwandon a hankali. "Wanne ne mai sukarin?"

Na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, na kalle su a rana, na kalle su a inuwa, na rufe ido ɗaya. Na ce, "Ai ba adalci ba ne ma a ba ɗaya a hana biyar." Na zuba wa duka shidan sukari.

"Ni ba na nan," in ji ta. "In an tambaya, ina kasuwa." Ta shige ɗaki.

Rabin bokiti ya rage, kuma fentin da aka riga aka sirka da ruwa ba ya jira. Na fita da shi layi don in nuna wa mutane abin da ake kira fari. Na shafe teburin Mai shayi. Na shafe bencin Mai aski da allon shagonsa. Na shafe ƙofar Tela, yana ciki yana cewa bai sa ni ba. Abin da ya rage a gindin bokiti na shafa wa malafata.

"Ƙudan zuman ma na gyara musu karatu," na gaya musu. "Sati shida ana koya musu da farin banza. Yau suka ga na gaskiya."

Abin da ban sani ba shi ne, farin fentina irin mai shanye hasken nan ne. Wato duk abin da buroshina ya taɓa ya zama allon sukari.

Laraba da safe guda biyar suka sauka a teburin Mai shayi. Suka zagaya, suka tarar da gwangwanin madara a buɗe da kwanon sukari ba murfi. Suka tashi suka tafi. Mai shayi ya ce, "Ka ga, masu kunya ne." Ashe gida suka koma kiran dangi.

Kafin Alhamis ba a ganin farin teburin. Masu shan shayi suna karɓar kofi da tsawon hannu, su tsallaka titi su sha a tsaye. Wani direba ya buɗe baki zai kurɓa, ya ga ido biyu suna kallonsa daga cikin kofin, ya ajiye ya ce ya ƙoshi. A wurin Mai aski, an yi wa wani malamin makaranta rabin kai sai ƙuda uku suka sauka a kan benci kusa da cinyarsa. Ya tashi da ƙyallen askin a wuya. Sai da aka aika masa da takalmansa gida.

Ni kuwa duk inda na bi, akwai guda goma suna kewaya malafata.

"Sikeli," in ji Mai shayi, "baƙinka sun cinye mini kasuwa."

"Wa ya ce nawa ne? Ƙudan zuma a duniya ɗaya ne? Na daji ne."

Tela ya turo kai ta tagar shagonsa, domin ƙofar ba ta buɗuwa saboda jama'ar da ke kanta. "Na daji ne?"

"Na daji."

"To zo ka duba wannan na kan zarena. Dajin ne ya ɗiga masa fenti ruwan ɗorawa a baya?"

Na duba. Ɗigon Auta ne, wanda bai daidaita ba.

"Wannan ɗaya ne," na ce. "Ziyara ya zo."

"Ga ƙaninsa a kan almakashi."

Na ce su kwantar da hankali, kafin gobe zan janye su. Dabarar mai sauƙi ce: in sukari suke so, a ba su a gida. Na juye sukarin matata gaba ɗaya a babbar robar wanki, na cika da ruwa, na ajiye a tsakar gida. Na layi ba su dawo ba. Sai dai wasu sababbi suka zo, manya, baƙaƙe, waɗanda ban taɓa gani ba. Waɗannan kam na daji ne. Matata ta yi girki da taga a rufe, ta miƙo mini kwano ta ƙarƙashin labule.

Juma'a na ce bari in nemo alamar nan. Na sa wuƙar kankare fenti a bayan allo na farko, ban ga komai ba. Na ce ko ta gaba ce, na manta. Na kankare gaban. Fentina ya fita, na Auta ya biyo shi, sai ga katako tsirara. Na gwada na biyu don in tabbatar. Haka.

Ina cikin wannan wayata ta yi ƙara.

"Baba, ina wuni? Yaya yarana?"

"Suna ci suna sha."

"Suna zuwa kan allon kuwa?"

"Suna zuwa ko'ina. Sun ma ƙaru."

"Alhamdu lillahi! Baba, na gode. Na san zan iya dogara da kai. Gobe da hantsi muna nan."

Na kashe wayar. Matata tana bakin labule tana kallona.

Da yamma suka zo su uku har ƙofar gida. Mai shayi ya ce kwana biyu bai sayar da kofi ashirin ba. Mai aski ya ce malamin makarantar nan yana zuwa aji da hula har kunne. Tela ya ce ta taga yake karɓar ɗinki kamar mai sayar da tikiti.

A nan ne maganar Auta ta faɗo mini. Ja ba sa ganinsa.

Na miƙe tsaye. "Gobe da safe kowa ya fito ya ga ilimi. Ƙudan zuma makaho ne a kan ja. Zan bi duk abin da na shafa fari in mayar da shi ja, ya ɓace musu. Ni ma zan sa ja daga sama har ƙasa. Zan shiga tsakiyarsu in fito, ba su san an yi mutum a wurin ba."

"Wa ya gaya maka?" in ji Tela.

"Jami'a."

"Jami'ar ta ce ka rufe fuska?"

"Wanda ba a gani, me zai rufe?"

Asabar da safe na shirya. Ina da ragowar jan fenti na mai, irin wanda ake shafa wa ƙofar ƙarfe. Na shafe malafata da shi. Na ɗauko jan bargon matata, mai gashi, na yafa, na ɗaure da igiya a ƙugu. Na sa jar safar ƙwallon jikana a hannu biyu.

Matata ta dube ni daga sama har ƙasa. "Malam, ni dai ina ganinka."

"Ke ƙudan zuma ce?"

"Bargon nan na aurena ne."

"Zai dawo."

Na fito layi. Kowace taga da kai a cikinta. Masu wucewa sun tsaya daga nesa. Tela ya hau kan kujera a cikin shagonsa don kada wani abu ya wuce shi.

"Jama'a, wa ke magana?" ya ɗaga murya. "Ina jin takun mutum, ba na ganin kowa!"

Ban kula shi ba. Na doshi teburin Mai shayi da bokiti a hagu, buroshi a dama. Teburin yana motsi kamar ruwa na tafasa. Na tsaya dab da shi. Ba wanda ya taɓa ni. Na juya na kalli jama'a, na ɗaga buroshi sama don su shaida.

Sannan na tsoma shi na shafa tun daga wannan gefe har wancan, a kan ƙudan da komai.

Sautinsu ya sauya. Wanda ya taɓa jin injin niƙa ya haɗiyi dutse ya san abin da nake nufi.

Na farko ya same ni a hanci. Na ce wannan karo ya yi da ni, hanya ce bai gani ba. Na biyu a fatar ido. Na uku da na huɗu a leɓe. Daga nan na daina ƙirga.

"Tsaya cik, Sikeli!" in ji Tela. "Ba sa ganinka! Lalube suke yi!"

Na yi abin da ban yi ba tun ina ɗan shekara talatin: na ruga. Bargon ya harɗe mini ƙafa. Bokitin ya tashi sama ya dawo, rabi a kaina, rabi a ƙofar Tela. Na yi karo da bencin Mai aski, na tsallake shi ba da niyya ba, na sauka a zaune cikin kwatar bakin titi, ruwa har ƙirji. Na ja bargon na lulluɓe kaina. Ina jin su a kansa kamar ana yayyafi.

Sai na ji mota ta tsaya, an buɗe ƙofa.

"Wane ne wancan?" Muryar wata mace ce, a natse.

Sannan muryar Auta, ƙasa-ƙasa: "Bargon mamata ne."

"Miƙo kyamarar tukuna," in ji macen. "Ba za a sake samun irin wannan ba. Bawan Allah, kada ka motsa."

Ban da niyyar motsawa.

Matata ce ta cece ni. Ta fito da kaskon garwashi ta zuba masa kwalin ƙwai, hayaƙi ya turnuƙe. Auta ta karɓa ta zagaya ni da shi har suka watse. Mai aski ya zare mini ƙari goma sha tara da ɗan hantsakinsa. Ya ce bai taɓa yi wa kankana aski ba sai yau.

Da ido ɗaya na ga Farfesa. 'Yar ƙaramar mace ce mai furfura da takalmin roba. Ta gaishe ni da ladabi kamar a kan kujera ta same ni.

Auta ba ta tsaya ba, ta wuce bayan gida. Na bi ta ina ɗigar ruwan kwata. Ta tarar da robar wanki cike da ƙudan daji. Ta tarar da alluna huɗu suna ƙyalli, biyu tsirara. Ta ɗauki ɗaya ta juya bayansa. Ta ɗauki wani ta juya. Ta ajiye.

Na jira ta yi faɗa. Ba ta yi ba.

"Baba," ta ce, "sati shida."

Harbi goma sha tara ba su yi mini zafin wannan ba.

Farfesa ta ce a fito waje, tana so ta ga duk abin da na shafa. Ta ɗora kwamfutarta a kan bencin Mai aski, layi gaba ɗaya ya taru a bayanta. Ta nuna hoton farko: layinmu yadda muke ganinsa, da ni a cikin kwata. Aka yi dariya daidai gwargwado. Sannan ta danna wani wuri.

"Ga shi kuma kusan yadda ƙudan zuma ke ganinsa. Mun sauya launukan ne don idonmu ya iya kamawa."

Layin ya dushe. Amma teburin Mai shayi, da benci, da allon shago, da ƙofar Tela, duk suna haske da launi guda, kamar an shuka manyan furanni a bakin titi.

"Wannan shi ne launin da ɗalibata ta koya musu cewa abinci ne," in ji ta. "Ba su yi kuskure ba ko sau ɗaya. Duk inda ka rubuta musu abinci, sun je."

"To wancan baƙin tulin fa?" in ji Mai shayi. "Na cikin kwata?"

"Baba ne," in ji Farfesa.

"Ai ja na sa," na ce. Da kumburarren leɓe maganar ba ta fita daidai ba, amma an gane.

"Ja a wurinsu baƙi ne, Baba," in ji Auta. "Na gaya maka."

"Kuma ƙaton abu baƙi mai gashi," in ji Farfesa, "shi ne kamannin dabbar da ke fasa musu gida ta sha zuma. Da za a ce a zana wa ƙudan zuma maƙiyinsa, da haka za a zana shi. Sai ga shi kuma ya zo yana murƙushe 'yan'uwansu da buroshi."

Tela ya share hawaye da tsumman guga. "Ashe ba ɓacewa ka yi ba, Sikeli. Tallar kanka ka yi."

Na bari dariyar ta lafa. Na cire malafar, ta fito da wani gashin kaina saboda fentin bai bushe ba. Na tsaya gaban Farfesa.

"Yarinyar nan ba ta da laifi," na ce. "Ta ce kada in taɓa. Na taɓa. In akwai mai maimaita shekara, ni ne."

Ban taɓa yin magana mai tsawon wannan a gaban mutane ba tare da na yabi kaina a ciki ba.

Farfesa ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce ba za ta iya sa hannu a kan abin da ba ta gani ba, kuma yau babu abin gani. Auta ta sunkuyar da kai. Amma, in ji ta, za ta iya dawowa bayan sati shida, in an yi sababbin alluna an sake koyarwa daga farko, da sharaɗi biyu. Na ɗaya, duk farin da na shafa a layi in mayar da shi toka-toka, da hannuna.

"Na biyu kuma, aikin yana buƙatar a gwada idon mutum tare da na ƙudan, don a kwatanta. Ina son mutumin da ya san launi sosai. Na ji an ce kai sikeli ne."

"Haka ake faɗa," na ce.

"Shi yake faɗa," in ji Tela.

Kwana huɗu na yi ina kankara da shafawa, Tela yana zaune a kujera yana nuna mini inda na tsallake. Matata ta kwashe buroshina bayan nan ta kulle a akwatinta, makullin yana ɗaure a bakin zaninta har yau. Bargon bai dawo ba. Sati shida ina riƙe wa Auta butar ruwan sukari, hannuna ɗaya a aljihu bisa umarninta.

Ranar gwaji Farfesa ta dawo. Aka jera alluna shida, aka ɗora wa kowanne ruwa zalla don kada ƙamshi ya taimaki kowa. Sau ashirin ana sauya musu wuri. Kowane zagaye ni zan fara nuna wanda nake ganin ya fita daban, a rubuta, sannan a jira mai ɗigo a baya ya zo ya sauka.

Na kalle su a tsaye. Na kalle su a tsugune. Na rufe ido ɗaya. Kowane zagaye ina da tabbaci.

Ƙudan zuma suka ci goma sha takwas. Na ci uku.

Tela ya ce a bar shi ya gwada. Ya juya baya, ya rufe ido, yana kiran lamba yadda ta zo bakinsa. Ya ci huɗu.

Farfesa ta sa hannu a takardar a kan teburin nan. Auta ta rungume uwarta, sannan ta zo ta riƙe hannuna, wanda ke aljihu. Ta gama karatunta a shekarar, bayan ƙawayenta da wata biyu.

Ta kawo mana littafin aikin nata, mai baƙin bango. A shafi na arba'in da bakwai akwai layi biyu. Na sama ya ce ƙudan zuma, goma sha takwas. Na ƙasa ya ce gogaggen mai fenti, shekara arba'in da ɗaya a sana'a, uku. Ba ta sa sunana ba, Allah ya yi mata albarka. Sai dai a shafi na gaba akwai hoton wani baƙin tuli a cikin kwata, kuma Tela ya sa an yi masa kwafi ya manna a ƙofar shagonsa.

Yanzu a layi ba mai ce mini Sikeli. Baba Uku suke cewa. Ina amsawa.

Da za ta tafi, Auta ta bar mini alluna biyu, ɗaya mai alama, ɗaya marar alama. Suna kan tagar ɗakina. Wani lokaci da safe nakan jera su a rana in daɗe ina kallo kafin in juya bayan. Fari ne da fari.

In ka tambaye ni yau, fari kala goma ne. Tara na san su. Na goman yana kan tagata, ban taɓa ganinsa ba.

Amma ban suma ba.